Kofi Mai Jan Zare

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu bibiya. Wadda ta turo min saƙo tana cewa na cika jan rai, na ji, Allah Ya ba ki haƙuri. Yau dai ba dariya na kawo muku ba. Mai cin abinci ta ajiye cokali tukuna.

Don waɗanda suka shigo yanzu, ni ce kakar Barakatu. A Bakori muke, bayan kasuwa. Ubanta Mudi ɗana ne na uku, shi ya sa kuke ji ina kiran sunansa kai tsaye ba kunya. Manomi ne, masara da dawa, mutum ne da ba ya dariya sai da dalili. Barakatu ita ce babbar ɗiyarsa, kuma tun da waya ta shigo hannunta ba ta da aiki sai ɗaukar hoto. Kaza na shan ruwa, ta ɗauka. Inuwar turmi, ta ɗauka. Ni kaina ta taɓa ɗauka ta ina gyangyaɗi baki buɗe, ƙuda na shawagi, na ce Allah Ya isa, ta ce, "Tsohuwa, ai hasken ne ya yi kyau, ba ke ba."

Suna da wani guruf a waya, sunansa Masu Ido. 'Yan Funtua, 'yan Malumfashi, 'yan Kafur, duk ba mai shagon hoto a cikinsu. Direbobi ne, teloli, malaman makaranta. Duk Juma'a shugaban guruf ɗin zai jefo kalma ɗaya, kowa ya kawo hoton da ya ɗauka da kansa, ya rubuta labarin da ke bayansa. Ni ma na sa ta saka ni. Ban taɓa ɗaukar ko kaza ba, amma ku gaya min, a ina kuma mutum zai samu jama'a suna tona cikinsu da kansu, yana zaune a ɗaki ko mayafi bai yafa ba?

Sai dai abin ba kullum yake da daɗi ba. Ranar da aka ce "ƙofa", wani direba ɗan Funtua ya kawo ƙofar gidan ubansa a ƙauyen da suka gudo suka bari, ciyawa ta tsiro har ta rufe kwaɗon. Wata malama a Malumfashi kuma ta kawo takalmin ɗanta da ya rasu, ƙafa ɗaya, a bakin ɗaki inda ya cire shi. Ranar ko gulma ban iya yi ba.

A nan cikin Barakatu ta haɗu da Mannir. Ɗan wani ƙauye ne a gefen Kafur, yana gyaran injin ban-ruwa na 'yan noman rani. Duk hoton da ta saka sai ya rubuta, "Allah Ya ƙara basira." Na ce mata, yarinya, wannan basirar da yake ta roƙa miki, ba ta hoto ba ce. Bai daɗe ba ya fara zuwa zance, fes da shi, shadda ruwan toka, farcensa kaɗai ke nuna baƙin mai. Ba ya zuwa sai da gorona. In ya durƙusa gaishe ni sai in ce, "Angona, ka zo ka ɗauke ni ne, ko wajen waccan mai ƙafa kamar sillen karan ka zo?" Ya yi ta murmushi yana kallon ƙasa.

Magabatansa suka zo, kawunsa da wani dattijo, da goro da alewa da ɗan akwati ja na na-gani-ina-so. Mudi ya karɓa, amma ya ce ba zai sa rana ba sai an yi bincike. Da suka tafi ya zo ƙofar ɗakina.

"Inna, ku za ku je mana. Duk gidan nan ba wanda ake buɗe wa baki kamar ku."

Wallahi har da ɗan rangaji na yi. An ba ni aikina.

Na ɗaura atamfata koriya mai zanen ganye, na yafa tsohon mayafi don kar a ce baƙuwar kirki ce, na shiga mota zuwa Malumfashi, na sake wata ta Kafur, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Na ce kalwa nake nema ta daddawa. Ai kuwa aka nuna min gidan mai daddawa, na zauna, na yaba ɗaurin ɗankwalinta, na zagi tsadar taki, na tambayi ciwon ƙafarta. Can na ce, af, akwai wani yaro da ya taɓa gyara wa ɗana inji, Mannir ko wa?

"Mannir na Mairo? Yaron kirki. Ba ya shaye-shaye, ba ya zaman banza. Sai dai…"

Ta dubi hagu, ta dubi dama. Na san wannan duban, ai nawa ne.

"Sai dai mi?"

Ta ɗaga hannuwanta biyu, ta lanƙwashe yatsun ciki, ta nuna min dunƙulen.

Na gane, uwar take nufi. Kuturta.

Da na bi ta hankali, da daga nan na juyo. Amma ƙafata ba ta taɓa jin maganata ba. Na nemi gidan, na yi sallama. Zauren cike da ƙarafan inji, tsakar gidan kuwa an share shi tas har ana ganin sawun tsintsiya. Ga zogale a gefe, ga masara an shanya a kan buhu. Wata mata 'yar siririya tana zaune a kan tabarma, tana ganina ta tura hannuwanta cikin zane da sauri, irin saurin da mutum ya saba.

Na fara, "Kalwa nake nema, aka ce…"

Ta yi dariya. "Hajiya, ki zauna. Ke ce kakar Barakatu. Na gan ki a hoto, kina barci."

Kun ji 'yar banzar yarinyar nan yadda ta tona min asiri tun daga Bakori.

Na zauna, kunya kamar in nutse. Muka gaisa. Ta nuna min randa da haɓa. A kan murfin akwai kofi biyu na silba, ɗaya an ɗaura masa jan zare a mariƙi.

"Ki ɗauki wancan, mara zaren. Ki ɗiba da kanki, Hajiya. Ba na taɓa shi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, sanyi na ji a raina da ta faɗi haka. Na ɗauki mara zaren, na sha, ina satar kallon ɗayan kamar zai yi tsalle ya taɓa ni. Ita ta ɗaura zaren da kanta, da haƙori, don kar baƙo ya shiga uku wajen ƙin shan ruwanta.

Sannan ta fito da hannuwan ta ɗora a cinya. Na dama babban yatsa ne kaɗai ya rage. Na hagu dungu ne, sumul.

"Na san abin da ya kawo ki," ta ce. "Ki faɗa musu gaskiya. Na sha magani na warke tun yana goye a bayana. Likita ya ce ko jinjiri ba zan shafa wa ba. Amma na san mutane, ubansa ma bai tsaya jin likita ba ya sallame ni. In sun ce sai ba na gidan, ina da ƙane a Malumfashi, zan koma can. Ranar biki ma ba sai na fito ba. Yaron nan dai kar a hana shi saboda ni."

Da zan tafi ta sa na ɗebi zogale da kaina.

A mota na yanke shawara. Da na iso, Mudi na jira.

"Inna, yaya?"

"Gidan mutunci ne," na ce. "Tsakar gidansu ta fi taku tsabta."

Ya yi hamdala, ya ce bayan an kawar da amfanin gona za a sa rana.

Jama'a, ban taɓa sanin riƙe magana ciwo ba ne sai a kwanakin nan. Tana cina kamar ƙaiƙayi. Ƙawata ta zo har ɗaki tana, "Ke, an ce kin je Kafur?" Sai da na tono mata labarin wata bazawara ta layinmu na ba ta, don dai ta tafi da wani abu ta ƙyale ni. Lissafina shi ne a ɗaura auren tukuna. In an ɗaura, mai tsalle ya yi tsallensa.

Barakatu kaɗai na ja gefe, tana min tsifa.

"Ke, kin san uwar yaron nan?"

Hannunta ya tsaya a kaina. "Ya faɗa min tun kafin ya fara zuwa."

"To ki ja bakinki ki rufe. Shi ma ki ce ya rufe nasa."

"Tsohuwa, yau ke ce mai cewa a rufe baki?"

"Ungo naki," na ce, na miƙa mata daƙuwa. Muka yi dariya. Ita ce dariyarmu ta ƙarshe a gidan nan.

Juma'a ta zo, shugaban guruf ya jefo kalma: "Hannu."

Barakatu ta riga kowa. Ta saka hannun ubanta riƙe da zangarniyar dawa, duk kanta, jijiyoyi sun tashi. Ta rubuta cewa wannan hannun ne ya saɓa ta a kafaɗa daga gona har asibiti ranar da maciji ya sare ta tana ƙarama, bai tsaya neman babur ba. Aka yi ta sa mata albarka. Ina kan sallaya bayan azahar sai wayata ta sake yin ƙara. Mannir.

Hannuwan Mairo ne. Ba fuska. Ta matse masara tsakanin dungun hagu da tafin dama tana murje ta daga totuwa, ƙwayoyin na zuba a faranti, rana ta bugi kowace ƙwaya kamar zinariya. Ban san hoto ba, amma na san wannan ya fi duk wanda aka taɓa sakawa. A ƙasa ya rubuta:

"Hannun mahaifiyata. Ba wanda yake sayen abinci daga gare shi, don haka da murzar masarar mutane ta ciyar da ni. Da haƙori take ɗaure min igiyar wando in tafi makaranta. In baƙi suka zo tana ɓoye shi a zane. Ni ban taɓa ganin hannun da ya fi shi ba."

Carbin ya faɗi daga hannuna. Na kira shi nan take.

"Kai Mannir! Goge! Goge yanzun nan, don ubanka!"

"Kaka, ina wuni."

"Ban wuni ba! Ni na haɗiye maganar nan har ta kusa kashe ni, kai kuma ka ɗauka ka shanya a kasuwa? Uwarka ta san ka saka?"

"Na roƙe ta. Ta ce in dai fuskarta ba ta fito ba." Ina jin ƙarar inji a bayansa. "Kaka, na ji ta tana gaya wa kawuna wai za ta bar gidan kafin biki. Gidan da ta gina da masarar mutane. Ba zan kawo Barakatu inda uwata za ta riƙa ɓuya ba. In za su ba ni, su ba ni sun sani."

"Yaro, ba ka san Bakori ba."

"Allah Ya san ta," ya ce.

'Yan guruf kuwa sai kuka suke turowa da addu'a. Direban nan na Funtua ya yi saƙon murya yana shessheƙa. Shugaban, don ya kyauta a ganinsa, ya zaɓi hotuna biyu na mako, na Mannir da na Barakatu, ya jera su gefe da gefe da sunayensu, ya ɗora a shafinsu na waje inda kowa ke gani. Bai san akwai komai tsakaninsu ba, bawan Allah.

Akwai Awaisu, ɗan wan Mudi, mai shagon cajin waya a bakin kasuwa. Shi ma yana guruf ɗin, shi ma kamar ni, kallo kawai yake. Kafin la'asar ya kai majalisar da Mudi ke zama. Aka ce wani ya karɓi wayar ya miƙa masa a gaban mutane, yana dariya: "Malam Mudi, ga hannunka, ga na surukarka. Sun dace."

Da magariba ya shigo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya cire hula, ya tsuguna a ƙofar ɗakina.

"Inna, da kuka je, kun ga hannun nan?"

"Na gani."

"Kuka ce min lafiya lau."

"Na ce gidan mutunci ne. Har yanzu ban janye ba."

"Ina da 'ya'ya mata a bayanta, Inna. Wa zai sake tsayawa a ƙofar nan in aka ce mun haɗa jini da…"

"Ba a gadonta, Mudi. Matar ta warke tun yaron na goye."

"Ku je ku faɗa wa kasuwar Bakori." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. "Ku yi min afuwa, Inna, amma da ɗiyar wani ce, da yanzu ku da kanku kun gama zagaye unguwa da labarin."

Mi zan ce? Ƙarya ya yi?

Ya kira Barakatu. Ta zo ta durƙusa, hijabinta ruwan ƙasa, uwarta Shafa'atu na tsaye a bakin madafa tana share ido da gefen zane.

"Kawo wayar."

"Baba, don Allah ku saurare ni, ita fa…"

"Kawo."

Ta miƙa. Ya zura a aljihu da hannun nan da ta gama yabo da rana.

"Maganar yaron nan ta mutu. Ranar da ƙafarki ta taka gidansu, ki nemi wani uban." Ya juya wajen Shafa'atu. "A fito da akwatinsu. Gobe Awaisu ya ɗaura a babur ya ajiye musu a ƙofa."

Nan na miƙe. "Ba a mai da kayan mutane kamar an zubar da shara. Dattawa suka kawo. In ba ka da dattijon aika, ni zan kai."

Bai ce a'a ba.

Da safe Barakatu ta share tsakar gida, ta dama min koko, ta sa hijabi ta ce ta tafi Islamiyya. Idonta a bushe. Shafa'atu ta ce min, "Inna, yarinyar nan ko kuka ba ta yi ba, ni abin ya fi ba ni tsoro." Na ce ta ƙyale ta. Da hantsi na ɗauki akwatin na kama hanya. Bai da wani nauyi, atamfa ce da takalmi da turare, amma sai da wuyana ya sage. A motar Malumfashi wata ta ce, "Hajiya, biki za a yi?" Na ce mata ta kula da ɗanta, majina na zuba.

Duk hanya ina haɗa abin da zan ce wa Mairo. Na haɗa, na warware. Na sauka a babur, na ɗora akwatin a ka, na wuce mai daddawa tana leƙe ta katanga. Na shiga zauren, na yi sallama.

A bakin tabarma na ga takalmi. Silifas shuɗi, an ɗinke maɗaurin hagu da baƙin zare. Ni na ɗinke shi.

Barakatu na zaune kusa da Mairo, gwiwa na gugar gwiwa. Mannir ba ya nan, yana fadama. Mairo ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Hajiya, wallahi ban kira ta ba. Tun ɗazu nake roƙon ta ta koma. Ki tafi da ita tun ubanta bai sani ba."

Ta ga akwatin a kaina, ta gane. Ta sunkuyar da kai, hannuwan suka fara komawa cikin zane. Barakatu ta kama na hagun, dungun, ta riƙe a cinyarta.

"Ke 'yar nan," na ce, "kin ji abin da ubanki ya rantse a kai?"

"Na ji."

Ta tashi ta nufi randa. Ta tsallake mara zaren, ta ɗauki mai jan zaren, ta cika shi, ta dawo ta zauna.

"Ajiye, ɗiyata," Mairo ke cewa. "Ajiye, ga wancan can. Don girman Allah ajiye."

"Tsohuwa," Barakatu ta ce, "an karɓe tawa wayar. Ke za ki ɗauke mu hoto."

"Ni? Ni da ban taɓa…"

"Hannu biyu ake sawa. Sai kin sauke kayan."

Na tsaya, akwati a ka, waya a ƙugu. Na tuna sanyin da na ji ranar da aka ce in ɗauki mara zaren. Na sauke akwatin a gindin zogale.

Hoton farko ya fito dishi-dishi. Ta ce, "Matso. Ki ba rana baya. Riƙe numfashinki." Ta kai kofin baki, ɗayan hannunta cikin na Mairo, ta sha, ta sha, ina ganin maƙogwaronta na motsi, har ta kafa kai ta shanye. Jan zaren na lilo a gefen kumatunta. Na danna.

"Tura," ta ce.

"Awaisu na ciki, Barakatu."

"Na sani."

Dokar guruf ce, ba a saka hoto ba labari. Na daɗe ina kallon wurin rubutun, ni da labari bai taɓa ƙare min ba. Daga ƙarshe na rubuta: "Jikata ce, da kofin surukarta." Na tura.

Muka zauna mu uku. Wata kaza ta hau akwatin ta yi tsaye. Na duba waɗanda suka gani, sunan Awaisu ne a sama.

Ba a daɗe ba wayar ta fara kuka a tafina. Mudi. Barakatu ta dube ni, Mairo ta rufe fuska da dungunta. Na ɗaga.

"Inna, kuna can?"

"Ina nan."

Na ji numfashinsa, na ji hayaniyar kasuwa a bayansa, da kukan Shafa'atu ko na wata, ban tantance ba.

"Ku bar musu akwatin," ya ce. "Ita ma ku bar ta a can. Ku dawo ku kaɗai."